Mataimakin rubuta manhaja ya iya aiki, amma makullin yana hannun wa?

Muhawarar da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu rubuta manhaja a Maradi ita ce: tun da mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira ya iya rubuta kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, ya gwada, ya gyara da kansa, mene ne amfanin ɗaure masa ƙafa? Wasu na ganin a sakar masa ragama, aikin mako ya ƙare a yini ɗaya. Wasu kuma sun rantse ba zai taɓa musu aiki ba. Duka ɓangarorin sun tsallake abin da ya fi muhimmanci, wato yadda ake shirya wurin aikin tun kafin a buɗe masa ƙofa.

Abin da ya ta da maganar a duniya ya faru a Yulin 2025. Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr a Amurka, yana gina manhaja da mataimakin kamfanin Replit. Ya faɗa masa ƙarara cewa an dakatar da duk wani canji, kada ya taɓa komai. Mataimakin ya share rumbun bayanan gaske, wato ma'ajiyar ainihin bayanan da manhajar ke aiki da su, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200. Da aka tambaye shi ya ce ba za su dawo ba, alhali da Lemkin ya gwada sai ga su sun dawo. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito ya ce bai kamata irin wannan ta yiwu ba sam, kuma cikin gyare-gyaren da ya sanar har da raba rumbun gwaji da rumbun gaske. A lura da irin gyaran. Ba ƙara masa faɗa aka yi ba, hanyar kaiwa ga rumbun aka toshe.

## Daga mai ba da shawara zuwa mai hannu

Lokacin da GitHub Copilot ya fito a 2021, aikinsa bai wuce ya ƙarasa maka layin da ka fara ba. In ka ga ya yi, ka karɓa. In bai yi ba, ka wuce. Kuskurensa yana tsaye a kan allo har sai kai ka shigar da shi. Na yanzu, irin su Cursor, Claude Code, Codex da Gemini CLI, suna karanta fayiloli, su canza su, su buɗe tagar umarni su kunna abin da suka ga ya dace. Kuma da izininka suke yi. Duk abin da asusunka na kwamfuta zai iya gogewa, mataimakin zai iya gogewa. Duk sabar (kwamfutar nesa da manhaja ke zaune a kanta) da kwamfutarka ke shiga ba tare da an tambaye ta kalmar sirri ba, shi ma zai shiga.

Me ya sa yake ɓarna, alhali ba mugunta gare shi ba? An hore shi ne ya kai aiki ƙarshe, saboda haka in ya haɗu da cikas, sau da yawa kawar da cikas ɗin yake yi. Sauyin tsarin rumbu ya ƙi shiga saboda wani tebur ya riga ya wanzu, sai ya share teburin ya sake ƙirƙiro shi. A rumbun gwaji wannan dabara ce mai kyau, ƙwararru ma suna yin ta kullum. A rumbun da ke ɗauke da bashin da ƴan kasuwa ɗari uku ke bin juna, musiba ce. Umarnin ɗaya ne, wurin da ya faɗa ne ya bambanta.

Akwai kuma mantuwa. Abin da yake iya riƙewa a zama ɗaya yana da iyaka. In hira ta yi tsawo, manhajar tana taƙaita abin da ya gabata don samar da fili, kuma gargaɗin da ka yi masa da hantsi yana iya salwanta a cikin taƙaitawar kafin la'asar.

## Gargaɗi daban, shinge daban

Alhajin da ke da magaza a babbar kasuwa yana gaya wa yaronsa kada ya buɗe akwatin kuɗi, kuma duk da ya faɗa, makullin yana aljihunsa. Bai ce yaron ɓarawo ba ne. Ya dai san faɗa tana dogara da mai ji, makulli kuwa ba ya dogara da kowa. Yawancin masu cewa sun sa wa mataimakinsu shinge, in ka duba, faɗa kawai suka yi: sun rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada ya taɓa rumbun gaske, sannan suka bar kalmar sirrin rumbun a cikin foldar aikin.

Kariyar hawa uku ce. Akwai rubutaccen umarni da mataimakin ke karantawa. Akwai izinin da manhajar mataimakin ke tilastawa. Sannan akwai katangar da ke wajensa gaba ɗaya, a kan saba ko a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, inda hannunsa ba ya kaiwa. Kowace doka ka kafa, yi mata tambaya ɗaya: in ya manta da ita, me zai tare shi? In amsar babu ce, to gargaɗi ka yi. Gargaɗi na da amfaninsa wajen salon aiki, amma duk abin da in ya lalace ba ya gyaruwa, katanga yake so.

## Abin da ake rubuta masa

Kowane mataimaki na da fayil da yake karantawa a farkon zama: `AGENTS.md` ga da yawa daga cikinsu, `CLAUDE.md` ga Claude Code, foldar `.cursor/rules` ga Cursor, `.github/copilot-instructions.md` ga Copilot. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika shi da nasiha irin ta "rubuta kod mai tsafta", wadda ba ta ƙara masa komai. Shafi ɗaya ko biyu ya isa, kuma abin da ba zai iya ganowa da kansa ba ake rubutawa: umarnin kunna gwaji, foldar da ba a taɓawa, da abubuwan da suka keɓanta da wurinmu. Na ƙarshen nan shi ne aka fi sakaci da shi, domin mataimakin ya koyi aikinsa ne daga kod ɗin da akasarinsa an rubuta shi don Amurka da Turai.

Ɗauki kuɗi. Sefa ba ta da ƙananan rassa a lissafin yau da kullum, saboda haka a rubuta masa cewa ana ajiye kuɗi a matsayin cikakkiyar lamba. In ba a faɗa ba, yana iya zaɓar lamba mai ɗigo, irin wadda in ka haɗa 0.1 da 0.2 take ba ka 0.30000000000000004. Harajin TVA a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. Kayan sefa 1,250 harajinsa 237.5 ke nan, wanda dole a cike shi. In faktir na da irin wannan layi biyu, ka cike kowane layi daban, haraji ya zama 476. In ka haɗa jimla tukuna, 475 ne. Sefa ɗaya ce, amma ita ke sa lissafin kes ya ƙi haɗuwa da na akanta a ƙarshen wata. Zaɓi hanya ɗaya, ka rubuta ta.

Sai maganar dala. Mai shago in ya ce "ɗari biyar", sefa 2,500 yake nufi, tun da da dala muke ƙirga a baki, kowace dala sefa biyar. Mataimakin bai san wannan ba sai an gaya masa. A rubuta cewa rumbu sefa yake ajiyewa, in ana son nuna dala to a kan allo kawai ake juyawa. Ga mai cinikin da ke bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, naira ma na shigowa: kowane adadi ya zo da sunan kuɗinsa, kuma kada a binne farashin canji a cikin kod, domin yakan motsa tsakanin safe da yamma. A ajiye farashin da aka yi amfani da shi tare da kowane ciniki.

Lambar waya rubutu ce, ba adadi ba: +227 da lambobi 8 ga Nijar, +234 da lambobi 10 ga Najeriya. Kwanan wata rana ke fara zuwa, sannan wata. In ba haka ba 03/04 za ta koma 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, suna komawa alamar tambaya in an kafa rumbun MySQL da tsarin haruffa na `latin1`, don haka a rubuta `utf8mb4`. A takardar PDF kuma a sa salon rubutu mai ɗauke da su, kamar Noto Sans ko DejaVu Sans. Bincike ya gane cewa Ɗan Isa da Dan Issa wuri ɗaya ne. A ƙarshe a gaya masa cewa rezo na yankewa kuma wuta na ɗaukewa: in mai kes ya danna "biya" sau biyu saboda allo ya tsaya, ciniki ɗaya za a rubuta.

Fayil ɗin na girma ne da aiki. In ya maimaita kuskure sau biyu, ƙara layi ɗaya a kansa. In wani layi ya daina amfani, cire shi.

## Makullan sirri da rumbun gaske

Nan ne asalin katangar, kuma in mutum abu ɗaya kawai zai iya yi, wannan ne. Kwamfutar da mataimakin ke aiki a kanta kada ta san kalmar sirrin rumbun gaske, ko makullin kamfanin biyan kuɗi ta waya, ko makullin shiga sabar. A kanta a ajiye rumbun gwaji mai sunaye da lambobin da aka ƙirƙira. Makullan gaske su zauna a kan sabar.

Mutane da yawa sun ɗauka sa fayil ɗin `.env`, inda ake ajiye makullan sirri, cikin `.gitignore` ya gama magana. Wannan Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, kawai yake hanawa ya ɗauki fayil ɗin. Mataimakin yana iya buɗe shi, kuma abin da ya karanta yana tafiya sabar kamfanin da ya yi shi a ƙasar waje. Ko ka hana shi a tsarin izini, yana iya kaiwa gare shi ta wata hanya, misali ya rubuta ƙaramin shiri da zai buga abin da ke ciki don binciken wata matsala. Abin da babu shi a kwamfutar ne kawai ba zai karanta ba. In kuwa makulli ya riga ya shiga Git ko da sau ɗaya, goge shi daga fayil ba ya cire shi daga tarihi. A soke shi a wurin wanda ya bayar, a karɓi sabo, ranar nan. Manhajar gitleaks kyauta ce, tana bincika kowane komit, wato canjin da ake ajiyewa a Git, kafin ya shiga, ta tsayar da shi in ta ga abu mai kama da makulli.

Wani lokaci matsala ba ta bayyana sai a bayanan gaske. A nan a ƙirƙiri asusun rumbu mai izinin karatu kaɗai, wato `SELECT`, babu gogewa babu canzawa, kuma a kan teburan da ake buƙata kawai. Ko wannan ma sai an yi tunani, domin karatu shi ma fitarwa ne. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, kuma an kafa hukumar HAPDP don kula da ita. Sunayen marasa lafiya a asibiti mai zaman kansa, ko sakamakon ɗalibai, amana ce da aka ba mai manhaja. Liƙa su a tagar mataimaki don ya duba kuskure aika su waje ne, ko da niyyar mai kyau ce.

Sauyin tsarin rumbun gaske kuwa, mataimakin ya rubuta shi, mutum ya karanta, mutum ya kunna. Kafin kunnawa a ɗauki kwafi da `pg_dump` ko `mysqldump`. Akwai bambancin da ya shafe mu musamman a lokacin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa: a PostgreSQL ana iya naɗe sauyin tsari cikin mu'amala ɗaya, in ta yanke a tsakiya komai ya koma yadda yake, a MySQL kowane umarnin sauya tebur yana tabbata da kansa nan take, saboda haka in jerin ya katse a tsakiya, rabi ya shiga rabi bai shiga ba. Mai amfani da MySQL ya rarraba sauyin ƙanana, ya san yadda zai warware kowane.

Kwafin ajiya a yi shi kowane dare, kwafi uku a wuri iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Kada asusun da mataimakin ke amfani da shi ya iya goge su. Sau ɗaya a wata a gwada dawo da kwafin a wata kwamfuta, domin sau da yawa sai ranar buƙata ake gano cewa fayil ɗin fanko ne tun watanni.

## Git: abin da yake karewa da abin da ba ya karewa

Kowane aiki da reshensa, wato layinsa na daban a cikin Git, `git switch -c` da sunan aikin, kuma kafin a kira mataimakin a tabbatar `git status` ya nuna babu abin da ya rage ba a ajiye ba. Dalilin shi ne Git abin da aka yi wa komit kawai yake karewa. In mataimakin ya ruɗe ya kunna `git reset --hard` ko `git clean -fd` don ya "share fage", aikin da ba a ajiye ba ya tafi, kuma `git reflog` ba zai dawo da shi ba. Komit ƙanana, bayan kowane mataki da ya yi aiki, su ne suka fi araha cikin duk matakan nan.

Babban reshe a kulle shi a sabar: ba a turawa kai tsaye, ba a turawa da ƙarfi, ba a haɗewa sai gwaji ya wuce. A GitHub wannan kulle kyauta ne ga ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa, amma ta sirri sai da tsarin biya. GitLab na ba da shi ko a tsarin kyauta, abin da ya dace da mai fara sana'a. Wanda ke aiki shi kaɗai ba zai iya amincewa da buƙatar haɗewar da ya buɗe da kansa ba a GitHub, don haka ya wajabta wucewar gwaji kawai, ya bar sharaɗin amincewar mutum na biyu har ya samu abokin aiki.

## Izinin umarni, da iyakarsa

A kasa umarni kashi uku. Waɗanda zai kunna ba tambaya: karanta kod, kunna gwaji, `git diff`. Waɗanda sai ya tambaya: girka sabon fakiti (kod ɗin wasu da ake saukewa a yi amfani da shi), shiga intanet, turawa sabar, taɓa rumbu. Waɗanda aka haramta: `rm -rf`, `sudo`, `git push --force`. A Claude Code ana rubuta wannan a `.claude/settings.json`, kuma in an sa fayil ɗin cikin Git duk ƴan aikin doka ɗaya suke bi. Sauran manhajojin na da makamancinsa.

Kashin farko ya kamata ya yi faɗi, kuma wannan ba sassauci ba ne. In mataimakin yana tambayarka sau sittin a awa, yatsanka zai saba da danna "e" ba tare da idonka ya karanta ba, kuma umarni mai haɗarin zai wuce cikin ayarin. Tambaya goma da ake karantawa ta fi sittin da ba a karantawa.

Jerin haramci kuma yana da ɓaraka, domin siffar umarni yake dubawa. An hana `rm -rf`, amma layi uku na Python za su goge folda ɗaya ɗin. Shi ya sa ƙwararru ke sa mataimakin cikin kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wuri a cikin kwamfuta, wadda foldar aikin kawai take gani. Zaɓin nan na tsallake duk tambayoyi, wanda a Claude Code sunansa ma `--dangerously-skip-permissions`, a cikin irin wannan kwantena maras makulli kawai yake da hujja. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar giga 4 tana shan wahala da Docker, kuma irinta ce a hannun ɗalibai da yawa. Mafita mai sauƙi: buɗe asusu na biyu a kwamfutar, wanda ba shi da ikon shugaba kuma ba ya ganin foldar asusunka, ka riƙa kunna mataimakin daga can.

## Gwajin da ya wuce, manhajar da ba ta aiki

Gwaji mai sarrafa kansa shi ne idon da ke duba aikin mataimakin, amma shi ma ana iya rufe shi. In ka ce masa "sa gwajin ya wuce", yana iya gyara kod, yana kuma iya gyara gwajin, ko ya sa alamar tsallakewa, ko ya rubuta sharaɗin da zai ba da amsar da ake jira ga wannan misali kaɗai. Kamfanin Anthropic da kansa ya ambaci wannan hali a rahotonsa kan Claude 3.7 Sonnet a 2025. Maganin shi ne a raba aikin biyu: a rubuta gwajin tukuna, mutum ya karanta, a ga ya faɗi, a yi masa komit, sannan a ce ya rubuta kod ba tare da taɓa foldar gwaji ba. Wurin dubawa, fara da fayilolin gwaji. In sun canza ba tare da an nema ba, tsaya nan.

Lissafin kuɗi mutum ne ya kamata ya ba da amsoshinsa. Ka zauna da mai shagon, ku ɗauki faktir biyar na gaske da aka lissafa da hannu, ka mayar da su gwaji bayan cire sunaye. In mataimakin ne ya ƙirƙiri tambaya da amsa, kuskurensa zai tabbatar wa kansa.

Binciken da ke kunnuwa a kwamfutarka kafin komit ana tsallake shi da `--no-verify`, kuma mataimakin ya san wannan. Saboda haka a maimaita binciken a sabar. GitHub Actions na ba da minti 2,000 kyauta a wata ga ma'ajiyar sirri, wanda ya ishi ƙaramin aiki. Girman canji ma a iyakance shi. Binciken da aka yi a kamfanin Cisco tun 2006 ya nuna cewa mai duba kod yana fi kama kuskure in abin da ke gabansa bai wuce layi 200 zuwa 400 ba. Mataimakin na iya zubo layi 2,000 kafin shayi ya dahu, kuma babu idon da zai karanta su da gaske.

## Fakitin da babu shi, da umarnin da aka ɓoye

Wani bincike na jami'o'in Amurka uku ya duba samfurin kod 576,000 daga injunan ƙirƙirarriyar basira 16, ya tarar kusan kashi 20 cikin ɗari na fakitocin da suka ambata babu su a duniya, sunayen ƙirƙira ne. Haɗarin shi ne ɓarayi na iya rajistar waɗannan sunaye a npm ko PyPI, shafukan da ake sauke fakiti, su cusa musu guba, su jira. Kafin amincewa da sabon fakiti, buɗe shafinsa: yaushe aka wallafa shi, wa ke kula da shi, mutum nawa ke sauke shi. A ajiye fayil ɗin kulle sigogi cikin Git, a girka da `npm ci`. Ko fakitin gaske ma ana iya gurɓata shi: a Agustan 2025 an cusa wa fakitin Nx kod ɗin da ke kiran mataimakan da ke kwamfutar mutum ya sa su nemo masa makullai.

Matsala ta biyu ta fi wuyar magani. Mataimakin ba ya iya rarrabe umarninka da rubutun da ya tarar a hanya yadda ya kamata. Wani zai iya rubuta umarni a shafin intanet, ko a cikin rahoton matsala, mataimakin ya karanta ya bi. Masanin manhaja Simon Willison ya nuna cewa haɗarin na cika ne in abu uku suka haɗu: yana ganin bayanan sirri, yana karanta rubutun baƙo, kuma yana da hanyar aika saƙo waje. Cire ɗaya daga cikin ukun. Mafi sauƙi a kulle intanet ɗin kwantenar, a bar adireshin da aikin ke buƙata kawai.

## Masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne

Suna da hujja a wani wuri. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke gwada ƙaramar manhaja don koyo, babu bayanan kowa a ciki, Git da reshe sun ishe shi. Masanin ƙirƙirarriyar basira Andrej Karpathy, wanda ya yayata salon barin injin ya rubuta komai ba tare da an karanta ba a Fabrairun 2025, shi kansa ayyukan ƙarshen mako da za a yar ya ce ya dace da su. Matsalar na farawa ranar da manhajar gwaji ta samu mai saye, aka zuba mata bayanan mutane, tsarin aikin kuma bai canza ba.

Maganar sauri kuwa tana son taka-tsantsan. A Yulin 2025 ƙungiyar bincike ta METR ta wallafa gwajin da ta yi wa ƙwararru 16 a kan ayyuka 246 cikin manyan manhajojin da suka saba da su. Da mataimaki lokacin da suka ɗauka ya ƙaru da kashi 19 cikin ɗari, alhali su a ransu sun ɗauka sun ƙara sauri da kashi 20. Gwajin ƙarami ne kuma injunan sun ci gaba tun lokacin, amma ya nuna jin sauri ba awo ba ne. A ganina shinge mai kyau ma sauri yake ƙarawa, domin wanda ya san babu makullin gaske a kwantenar yana iya barin mataimakin ya yi awa guda shi kaɗai ba tare da fargaba ba.

Masu cewa a haramta shi baki ɗaya su ma ba su tsira ba. Ma'aikacin da aka hana zai kwafi kod ya liƙa a wayarsa a ɓoye, inda babu shinge ko ɗaya.

Kuɗi ma na son iyaka. Rajistar wata ta dalar Amurka 20 ta haura jika goma, amma an san adadinta. Mai biya gwargwadon amfani ne ke cikin haɗari, domin mataimakin da ya maƙale yana maimaita gyara ɗaya zai iya cin kuɗi dare guda. A sa iyakar wata a shafin kamfanin, kuma in ya gwada sau uku bai dace ba, a tsayar da shi, a buɗe sabon zama da bayani mafi kyau.

## Mai farmasi, daraktan makaranta, mai magaza

Wanda ya sayi manhajar bai ga komai daga cikin wannan ba, amma shi ke ɗaukar asarar. Farashin manhaja zai sauka, masu yin ta za su ƙaru, kuma cikinsu akwai waɗanda ba za su iya karanta abin da suka sayar ba. Ba sai mai saye ya iya kod ba kafin ya kare kansa. Ya tambayi mai manhajar: ina kwafin ajiyar bayanaina yake, kuma yaushe ka gwada dawo da shi? Da bayanan abokan cinikina kake gwaji ko da na ƙirƙira? In sabon gyara ya lalata lissafi ranar kasuwa, minti nawa za ka ɗauka ka mayar da na jiya? Wa ke da kalmar sirrin sabar ban da kai?

Tambayar farko kada a karɓi amsarta da baki. Mai farmasi ya ce a dawo da kwafin daren jiya a wata kwamfuta yana kallo, ya nemo cinikin ƙarshe da ya tuna, ya ga adadin ya yi daidai da na littafinsa. Asusun sabar da na ma'ajiyar kod kuma a buɗe su da sunan mai shagon da lambar wayarsa, mai manhajar a ba shi izinin shiga wanda za a iya janyewa, kuma a rubuta hakan cikin yarjejeniya kafin a biya kason farko.